Atishawar Mero Mai Yaji

Shekara goma sha tara Mero ta yi tana daka yaji a Sundimina, kuma duk wanda ya san sana'ar ya san ba a yin ta babu atishawa. Barkono ne da citta da masoro da kanumfari, sai ƙuli-ƙuli idan na masu tsire ne. Daga zubawa a turmi zuwa tankaɗe, mutum zai yi atishawa ashirin ko talatin. Maƙwabta ma da atishawar suke gane ta tashi lafiya.

Abin ya fara ne bayan haihuwarta ta bakwai. Da farko ɗigo ne kawai. In ta yi atishawa mai ƙarfi sai ta ji ɗan ɗumi, ta tsaya cak da taɓarya a hannu, sannan ta ci gaba. Ta ce jego ne, zai wuce. Aka yi suna, aka yi arba'in, aka yaye yarinyar, Sa'adiyya, har ta shiga firamare, abu bai wuce ba. Zuwa shekarar da Mero ta cika arba'in da huɗu, fitsari na zubo mata in ta yi atishawa, ko tari, ko ta ɗaga bokitin ruwa, ko ta yi dariyar da ba ta shirya mata ba.

Ta yi dabarunta. Ta yayyaga tsohon zani tana ƙunzugu da shi. Ta rage shan ruwa har leɓenta ya riƙa tsagewa. Ta ware zanin salla ta rataye a ƙusa, ba ta taɓa shi sai ta yi tsarki. Igiyar shanyarta ba ta rabo da kaya, matan unguwa suna cewa Mero akwai tsafta. In biki ne kuwa, da wuri take zuwa ta yi Allah-sanya-alheri, ta fito kafin a fara raha.

Mijinta Ɗanbala mai gyaran injin ban-ruwa ne. Da rani kullum yana fadama, daga wannan gona zuwa waccan, da jakar sifanu a bayan babur. Mutum ne da in ya ji ƙarar inji daga nesa zai faɗa maka abin da ke damunsa. Abin da ke damun matarsa kuwa bai sani ba, don ba ta faɗa ba, shi kuma bai tambaya ba. Ya dai lura sabulu na saurin ƙarewa a gidan.

Wata ranar Laraba da hantsi, tana tsakiyar daka, atishawa uku suka zo mata a jere. Da ta ukun ta wuce sai ta ga ƙasar da take tsaye a kai ta jiƙe. Ta jingina taɓarya da bango, ta juye sauran barkonon a roba, ta kife turmin. Ba ta sake tayar da shi ba.

Bayan sati uku Sabo, mai tsire a tashar Birnin Kudu, ya tare Ɗanbala da ya zo sayen fulogi.

"Lafiya dai Mero?"

"Lafiya lau."

"To me ya hana ta daka? Yajin wata mata nake zuba wa mutane, suna ta tambayata ko na canja mahauci."

Ɗanbala ya ce zai bincika. Da ya koma gida ya tambaye ta, ta ce ta gaji ne. Ya dubi turmin da ke kife, kaza na tsaye a kansa. Ya ce, "To."

Ranar Juma'a Mero ta ce za ta Gwaram gaida yayarta Hadijatu, wadda ke aure a can. Sai da suka ci abinci, suka gama lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, sannan ta faɗa mata, idonta a kan tabarma.

Hadijatu ta haifi goma. Ta ce, "Wannan ai kowa ma haka yake. Ke kin taɓa ganin na yi gudu?"

"Yaya, tsorona kada ya zama yoyon fitsari ne, irin wanda ake kai mata Jahun."

"In kin kwanta yana zuba?"

"A'a."

"In kina zaune shiru fa?"

"A'a."

"To ban sani ba, ni ba likita ba ce. Amma surukar maƙwabciyata ta je babban asibitinku na Birnin Kudu da irin wannan, aka ce an sa mata maganin a waya."

"A waya?"

"Haka aka ce. Ban gani da idona ba."

Mero ta ce ita ba ta san yadda za ta faɗa wa Malam ba. Hadijatu ta ɗauki wayarta ta kira Ɗanbala. Bayan sun gaisa ta ce, "Ranar Talata ka kai Mero asibiti." Ya ce me ya same ta. Ta ce, "A can za a faɗa maka," ta kashe.

Ranar Talata ya ɗauke ta a babur. Suka yanki kati, suka bi layi, aka tura su wajen wata ma'aikaciyar jinya, Sista Munawwara, 'yar gajera mai tabarau, wadda ke maganar fitsari kamar yadda ake maganar tumatir a kasuwa. Ta bar Ɗanbala a waje, ta yi wa Mero tambayoyi, ta sa aka auna fitsarinta, ta kwantar da ita ta duba, ta ce ta yi tari. Mero ta yi tari, abin da aka zo dominsa ya nuna kansa.

"Inna, ba yoyon da kike tsoro ba ne. Wancan huda ce, sai an yi aiki. Naki tsoka ce ta saki. Akwai wata tsoka a ƙasan mara, ita ke tallafe mafitsara. Haihuwa bakwai ta gajiyar da ita. Tsoka kuwa in aka sa ta aiki tana ƙara ƙarfi."

"Allura ce ko ƙwaya?"

"Babu ko ɗaya. Matse ta za ki riƙa yi kina saki, sau uku a rana, wata uku. Kina da babbar waya?"

Mero ta kwance bakin zani ta fito da tata, 'yar ƙarama mai tocila, an ɗaure bayanta da roba. Sista ta kalle ta ta ce, "Ta maigidan fa?"

Aka kira Ɗanbala. Sista ta dubi Mero ta ce ko ta yarda a faɗa masa, Mero ta ɗaga kai ba tare da ta dubi kowa ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, aka yi masa bayani daga farko har ƙarshe. Da aka gama ya ce, "Wato roba ce ta saki."

"Kusan haka."

"Ba a canja ta?"

"Ba a canjawa, Malam."

Ya gyaɗa kai irin na wanda aka ce wa babu kayan a kasuwa. Sista ta karɓi wayarsa, ta goge maiƙon da ke kan gilashin da auduga, ta sa masa wata manhaja. Ta ce muryar mace ce a ciki, da Hausa, ba ta buƙatar data. Za ta riƙa tuna lokaci, ta riƙa ƙirga wa Mero, kuma kullum da yamma za ta kawo tambayoyi a rubuce, a danna amsa. Mero na karanta Alƙur'ani amma ba ta karatun boko, don haka tambayoyin suka faɗa wuyan Ɗanbala. Sista ta ce su dawo bayan wata guda.

Washegari da azahar Ɗanbala na gonar albasar Hambali, wani tsohon abokin hulɗarsa, ya kwance kafireto, manoma huɗu na tsugune suna kallo. Wayar na aljihun gaban rigarsa, ya ƙure ƙararta saboda ƙugin inji. Sai wata murya mai sanyi ta ce, "Sannu 'yar'uwa. Lokaci ya yi. Ki sami wuri ki kwanta rigingine, ki tanƙwasa gwiwoyinki."

Hambali ya dubi aljihun. Sauran ma suka dubi aljihun.

Ɗanbala bai ɗago ba. Ya ce, "Ba da ni take ba. Miƙo min sifana mai lamba goma."

"Matse," in ji muryar. "Riƙe. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Saki."

Hannuwansa duk baƙin mai ne, rigar kuma fara ce, bai ga yadda zai kashe ba. Haka suka saurari duka goman. Da muryar ta ce, "Madalla 'yar'uwa, kin yi ƙoƙari," ɗaya daga cikin manoman ya ce, "Madalla," aka ci gaba da aiki.

Na safe ba matsala, kafin ya fita ake yi. Na yamma ma haka, bayan ya dawo. Na azahar ne ya gagara. Kwana biyu yana hawa babur ya dawo gida, ya miƙa mata waya ta labule, ya tsaya a tsakar gida har a gama, ya koma. Ya ga ba zai ɗore ba. Barin wayar a gida kuma bai yiwu ba, don manoma ta nan suke turo masa hoton abin da ya karye. A rana ta uku ya ari wayar Hambali, ya kira 'yar ƙaramar wayar Mero da ita, ya kifa wayoyin biyu baki da baki a kan tankin inji a ƙarƙashin mangwaro, ya tafi alwala. Mero na kwance a tabarma a ɗakinta da waya a kunne, tana jin matar na ƙirga, a bayanta kuma maza na musun farashin taki. Haka aka ci gaba. Ranar da aiki ya kai shi wata gonar, sai ya ari wayar mai gonar, ya ce saƙo zai aika gida.

Tambayoyin yamma su ne aikin. Shekara ashirin da shida suna tare, ba su taɓa yin magana a kan abin da ke ƙasa da cibiya ba. Bayan la'asar sai ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ya juya yana fuskantar turken akuya. Ita kuma tana ciki tana tsince shinkafa ko wake. Kowace tambaya da "ta ce" yake fara ta.

"Ta ce sau nawa yau?"

"Biyar."

"Ta ce ɗigo ne, ko ya jiƙa zani?"

"Biyu sun jiƙa."

"Ta ce me kike yi a lokacin?"

"Ɗaya tari. Ɗaya na sauke tukunya. Ɗaya kuma akuyar nan ce ta cusa kai a tulu ya ƙi fita, na yi dariya."

Ya duba, ya ja sama, ya ja ƙasa. "Babu akuya a nan. Akwai dariya." Ya danna.

A kwana na tara, bayan sun gama, bai tashi ba. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Ita ta ce?"

"A'a. Ni ne."

"Tun haihuwar Sa'adiyya."

Ya lissafa a ransa, shekara shida da wani abu. Ya sa waya a aljihu, ya tashi ya ɗauki bokiti biyu, ya tafi rijiya. Sai da ya cika randunan gidan duka uku. Daga ranar shi yake ɗebo ruwa kafin ya fita, ba wanda ya yi maganar.

Manhajar tana da wani hali. In lambar da aka danna ba ta ragu ba, sai gilashin ya nuna ja. In ta ragu, sai ya nuna kore, muryar ta ce, "Kina samun sauƙi." Mero ta riƙa leƙowa ta bayan kafaɗarsa, kullum ja. Ranar sai ta kasa cin tuwo sosai. Ɗanbala ya lura da wannan. A sati na biyu, da ta ce biyar, sai ya danna uku. Da ta ce huɗu, ya danna biyu. Kafin ƙarshen wata ya sauko har ɗaya. Kullum muryar na taya ta murna. Mero ta saurara, ta dubi igiyar shanya, ta ce a ranta wataƙila wayar ta san wani abu da ita ba ta sani ba tukuna.

Da wata ya cika suka koma asibiti. Sista Munawwara ta buɗe manhajar, ta ga layi ya gangaro daga sama zuwa ƙasa kamar an ja shi da rula. Ta ce, "Masha Allah, Inna. Kin kusa warkewa."

"Ni ma haka na ji tana cewa."

"Ke fa, me kika gani?"

"Ni dai ban ga komai ba. Jiya ma sau biyar."

Sista ta gyara tabarau. "Nan an sa ɗaya."

Su biyun suka juya suka dubi Ɗanbala. Ya dubi fanka. Can ya ce, "Jan ne ba ta so."

"Malam, in manomi ya ce maka injinsa lafiya lau, alhali yana ta hayaƙi, me za ka gyara?"

"Babu."

"To ka jira mu a waje."

Ta sake kwantar da Mero, ta ce ta yi yadda take yi a gida. Mero ta ɗauke numfashi, ta ƙanƙame ciki da cinyoyi, ta yi nishi har jijiyar wuyanta ta fito.

"Tsaya, tsaya. Wannan ai naƙuda kike yi. Turawa kike yi ƙasa, ni kuma ja sama nake so." Sista ta ɗora hannu a cikinta. "Nan a sake. Cinya a sake. Ki ɗauka kina cikin taron suna, tusa ta matsa miki, kin hana ta fita. Wannan wurin. Yanzu ki ja shi sama. Ki yi numfashi. Ki ƙirga da baki in ji."

Sai a gwaji na shida Sista ta ce, "Yauwa. Wannan ne." Mero ta yi mamakin ƙanƙantar abin. Duk wannan wata ta ɗauka sai an sha wuya.

Sista ta ƙara mata shawara biyu. Ta ce ta koma shan ruwa yadda kowa ke sha, don ƙishirwa ba ta gyara komai, sai ma ta sa fitsarin ya yi kauri ya dami mafitsara. Kuma duk sanda ta ji atishawa ko tari na tahowa, ko za ta ɗaga kaya, ta matse tukuna.

"Wata ukun daga yau zai fara."

"Na bayan fa?"

"Ya tafi."

A hanya, ko a wurin ramukan nan da ta saba cewa ya bi a hankali, Mero ba ta ce ba. Sai da suka shiga gida, ta cire hijabi ta ninke, sannan ta ce, "Wata guda ina kwance a tabarma sau uku a rana kamar mai jinya. Da ka faɗi gaskiya da tun sati biyu mun koma."

"Na yi kuskure."

"Har na fara zargin kaina ko ban iya ƙirga ba."

"Na yi kuskure."

Ta ce daga yau shi zai karanta tambaya, ita za ta danna lamba, don lambobi kam ta san su a wayarta. Haka kuwa aka yi. Kujerar ta matso daga bakin ƙofa zuwa cikin ɗaki, tunda dole ya miƙa mata wayar. Kwana goma sha biyu ja na fitowa, tana danna shi da hannunta, tana miƙa masa.

Sauƙin ya zo a hankali, yadda ba za a iya nuna ranar da ya fara ba. Biyar ta koma huɗu, ta zauna a huɗu har Mero ta ce ta daina. Ta daina ɗin kwana biyu. A rana ta uku Ɗanbala ya ajiye wayar a kan tabarma da safe, ya fita ɗebo ruwa, muryar ta yi sallama a ɗakin da ba kowa. Mero na kicin tana ji. Ta bari aka kai na uku, sannan ta shiga ta kwanta. A sati na shida lambar ta sauko biyu. Manhajar ta ce yanzu a zaune za a riƙa yi, bayan nan kuma a tsaye.

A sati na bakwai ta kori kazar, ta tayar da turmi. Ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta zuba barkono. Wahalar ita ce atishawa ba ta ba da sanarwa mai tsawo. Da ta ji ƙaiƙayi a hanci sai ta saki taɓarya, ta dafe bakin turmi, ta matse, ta jira. Wani lokaci atishawar ta zo, wani lokaci ta fasa, a bar ta tsaye a matse ba dalili. Ranar farko ta riga atishawa sau goma sha ɗaya, atishawa ta riga ta sau uku. Da yamma ta danna uku, ja ya fito, ta ci tuwonta duka. Ranar kasuwa Ɗanbala ya kai wa Sabo yaji a leda biyu. Sabo ya ɗanɗana ya ce Allah ya ƙara lafiya, bai tambayi ko lafiyar wa ba.

A cikin wannan satin ne Hambali ya raka Ɗanbala har wajen babur, abin da bai saba yi ba.

"Wannan matar ta cikin waya, a ina ake samun ta?"

"Asibiti."

"Wata ce a dangin iyalina."

"To."

"Nesa take. Can wajen Unguwar Ya."

"Ka kai ta ranar Talata a fara duba ta. Ba kowane iri wannan ke yi wa ba, wani sai an yi aiki. Kuma in an ba ka tambayoyi, abin da ta faɗa shi za ka danna."

"Nisan ne dai."

"Ai kana da babur."

Ranar Talata Hambali bai zo gona ba.

Saura sati biyu wata ukun ya cika, Ɗanbala ya sunkuya zai gyara bakin tiyo a ramin ruwa, wayar ta sulale daga aljihu ta nutse. Ya tuɓe riga ya shiga ya lalubo ta. Ya kwance ta, ya shanya a kan inji mai zafi, ya kai wa masu gyara a Birnin Kudu, suka ce sai haƙuri. Ya dawo gida ya faɗa wa Mero kamar mai kawo labarin rasuwa.

Mero ta ce Allah ya mayar da alheri. Washegari bayan sallar asuba ta zauna a kan sallaya ta yi gomanta. Ta yi bayan azahar, ta yi bayan la'asar. Ta lura ko a zuci take ƙirga, da irin jan muryar matar take yi, har da ɗan tsayawar nan tsakanin huɗu da biyar.

Da ranar komawa ta zo, ba wayar da za a nuna. Ɗanbala ya ce zai jira a gindin darbejiya wajen da ake ajiye babura. Mero ta shiga ita kaɗai.

Sista ta ce, "Sau nawa yanzu?"

"Satin nan sau biyu. Ɗigo. Duka ranar daka ne."

"Ƙunzugun fa?"

"Sai in zan hau mota."

Sista ta duba ta, ta sa ta tari, ta ce tsokar ta yi ƙarfi sosai. Ta ce wasu yana ɗauke musu gaba ɗaya, wasu yana raguwa ne kawai, kuma in abin da ya rage yana damun ta, za ta haɗa ta da likita a duba ko akwai abin da za a ƙara.

Mero ta yi tunani. Ta ce, "Bari in ga yadda damina za ta yi. Lokacin ne nake mura."

"Ba laifi. Amma ki ci gaba da yi, ko sau ɗaya a rana."

"Har yaushe?"

"Babu ranar gamawa. In kin bari, tana komawa."

Mero ta dube ta. "Ranar farko wata uku kika ce."

"Da na ce har abada, za ki fara?"

Mero ta ce gaskiya ba za ta fara ba. Suka yi sallama.

Ta tarar da Ɗanbala yana shan rake. Ya dubi hannunta, ya ga kati kawai.

"Ba su ba ki takarda ba?"

"Takardar me?"

"Ta an gama."

"Ta ce ba a gamawa. Ta ce in gaishe ka."

Ya tauna raken, ya tofar da tuƙar. Bai ji daɗin wannan ba. Ya ce shi in ya yi aiki, a gaban mai shi yake tayar da inji, kowa ya ga ruwa na fita, a yi sallama. Mero ta ce to nan ba haka ake yi ba.

Ya hau babur ya taka, bai tashi ba. Ya sake takawa sau huɗu, ya jijjiga tanki ya saurara, ya sauka ya kwance jakar sifanu. Mero ta koma kan bencin da ke gindin bishiyar, kusa da wasu mata biyu masu jiran ɗan'uwansu, suka gaisa. Ta gyara zama, ta ɗora jaka a cinya, tana kallon masu shiga da fita a bakin get. Azahar ta gota, ba ta yi na rana ba, sai ta fara a nan inda take. Matan na ta hirarsu.

Tana kan na bakwai babur ɗin ya tashi. Ɗanbala ya waiwayo ya ce, "Taso mu tafi." Ta ɗaga masa hannu ya dakata.